Bakin da Na Rufe Miki

Da sunan Allah nake farawa. Zuwa ga Addan yara, daga Innarki a Katagum.

Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Ina roƙon Allah ya sa motar da ta ɗauke ki ta sauke ki a Azare lafiya, ya tsare ki a hanya da cikin gari, ya haɗa ki da mutanen kirki. Takardar nan zan cusa ta a jakarki ƙarƙashin hijabai, don kada ki gan ta sai kin isa gidan Goggonki. Kwana huɗu ina rubuta ta, kullum in na sauke tukunyar rana. Kin san aji uku na tsaya, hannuna ba ya sauri, biron ma yana yi yana ɗaukewa. In kin ga harafi ya karkace ki yi haƙuri ki karanta haka.

Ba labarin gida zan ba ki ba, yanzu kika baro shi. Magana ce na kasa faɗa miki ido da ido. Ke ce ta fari, kin san yadda muke. Ko sunanki ban taɓa kira ba, balle in zaunar da ke in ce na yi miki laifi. A takarda ya fi mini sauƙi.

Kin ji abin da Baffanki mahaifi ya ce. Sau biyu kina zama jarrabawar fita sakandare, sau biyu Gwamnati da wanda kuke ce wa Litirecha suna kayar da ke, Tarihi ma da ƙyar kike haye shi. Ya ce ta ukun nan ita ce ta ƙarshe, in ba a samu ba keken ɗinkin Goggo yana nan yana jira. Ɗinki sana'a ce mai kyau, ban raina ta ba. Amma na san ba ita ke ranki ba. Tun ranar da kika raka Baffanki kotu a Gamawa kan gonar da shanunmu suka shiga, kina 'yar shekara goma sha biyu, kika dawo kika ce wa ƙanwarki ke lauya za ki zama. Ba ni kika gaya wa ba, ta bayan zana na jiyo. Yanzu an ce karatun lauya ba ya yiwuwa sai an ci darussan nan. Wata huɗu ne ke gare ki a lesin ɗin Malama Asabe, shi ke nan. Shi ya sa nake so ki san inda ni na ɓata, don kada ki tafi da ɓarnata a cikin jaka.

Da muka baro ruga muka zauna a Katagum, shekara biyar ke nan, komai na garin nan baƙo ne a wurina, har yau ma ban gama sabawa ba. Ranar da kika lissafa mini darussanku na yi dariya, kin tuna? Na ce Tarihi kuma, ai kakarki ma ta iya shi, ko makaranta ba ta je ba. Na ce mu da gwamnati sai ranar rigakafin shanu. A tunanina karatu shi ne wanda ake haɗe rai ana yi, irin Lissafi. In na ga kina fama da lambobi sai in hana kowa aikenki. In kuwa na ga kin ɗauki ɗan littafin nan mai hoton mace da tulu a bango, kina karantawa har kina murmushi ke kaɗai, sai raina ya ɓaci. Na ce tatsuniya ce kike sha da rana tsaka. Ki tashi ki wanke ƙore, ki tashi ki yi surfe, in karatu kike ki ɗauko mai lambobi.

Ni na ɗauke littafin. Na tura shi cikin buhun gero, ya yi wata biyu a can. Na ga kina ɗaga tabarma, kina leƙa ƙarƙashin gado, kina tambayar ƙannenki. Ni ce kaɗai ba ki tambaya ba, kuma na san kin san ni ce. Sai da sakamako ya fito Maman Sadiya maƙwabciyarmu take gaya mini ai daga cikin littafin ake ciro tambayoyi, wa ya yi kaza, me ya sa ya yi. Na koma ɗaki na zauna.

To ki ji. Gidan Goggo gidan aiki ne, kuma ita ma ba ta san bambancin littafin labari da na jarrabawa ba. In kina karanta shi aka kira ki, ki buɗe baki ki ce, Goggo wannan ma karatu ne, zan zo in na kai ƙarshen shafi. Aikin da ke kanki ki yi shi da wuri, da kyau, kada a ce 'yar ɗan'uwa ta zo ta miƙe ƙafa. Amma lokacin littafi na littafi ne. Ki karanta shi har ki san mutanen cikinsa kamar yadda kika san mutanen layinmu, wa ke da rowa, wa ke da haƙuri, wa zai yi ƙarya in an matsa masa.

Bayan faɗuwar farko na ce zan gyara laifina, sai na ƙara ɓatawa. Ni karatun da na sani ɗaya ne, na allo. A rubuta, a biya, a haddace, a kawo tilawa, a wanke. Da Maman Sadiya ta ce akwai littafin tambayoyin shekarun baya da amsoshinsu, na yi murna, na ce ashe abin da sauƙi. Na tara man shanu na sayar aka sayo mana shi daga Azare. Kullum bayan la'asar mu zauna gindin darbejiya, ni riƙe da littafi, yatsana a kan layi, ke kina kawowa da ka. Turancin ba na ji, amma ina gane haruffa, in kin tsallake kalma ina gani. In ce koma baya. Ki koma. In ce sake. Ki sake. Har jerin amsoshin nan na zaɓin A, B, C, D sai da kika haddace su a jere, ta ɗaya kaza, ta biyu kaza, kamar mai jan carbi.

Wata rana Maman Sadiya ta leƙo ta katanga ta ce, "Maman Adda, wannan karatun naku ai sai musabaƙa. Ku bari in za a tafi a kira ni in riƙe muku jaka."

Na ce, "Ke dai ki jira sakamako."

Daɗi na ji har cikin raina. Na ɗauka na zama malama.

Ranar jarrabawar Gwamnati kika dawo kika zauna bakin ƙofa, ko hijabi ba ki cire ba. Na ajiye miki fura ba ki taɓa ba. Can kika ce, "Inna, sun juya tambayar." Na ce su wa? Wa ya ba su izini? Da gaske nake, na ɗauka cuta aka yi mana. A makarantar allo in an ja miki baƙi daga wuri, daga nan kike ɗauka, ba wanda zai juya miki aya. Sai daga baya na gane. Alƙur'ani ana haddace shi ne don maganar Allah ce, harafi ɗaya ba ya motsi. Waɗannan kuwa maganar mutane ce a kan mutane, yau su tambaye ta ta gaba, gobe ta baya. Shekara guda na cinye miki a gindin bishiyar nan, ina ganin taimako nake yi. Kuma ina jin tun a wata na biyu kin gane hanyar ba za ta ɓulle ba. Na ga yadda kike kallon ƙasa in na ce sake. Amma kika ci gaba da sakewa.

Don haka kada ki koma wa hadda in abin ya yi miki wuya. Na san za ki so komawa, don ita kika iya, kuma tana sa mutum ya ji kamar ya yi aiki. Malama Asabe ta ce in kin karanta abu ki rufe littafin, ki nemi wani ki gaya masa da Hausa ko da Fulatanci, da kalmominki. In kin kasa, ba ki gane ba tukuna. Ki gwada a kan Goggo tana ɗinki, ai ba ta rasa abin cewa.

Abin da ya fi damuna shi ne na ranar da muka je Azare duba wurin. Zuwana na biyu ke nan garin a rayuwata. Tun daga tasha kaina ke juyawa, babura ta ko'ina, masu adaidaita suna kiran unguwannin da ban taɓa ji ba, na riƙe gefen mayafin Goggo kamar yarinya. Da muka shiga rumfar da ke bayan gidan Malama na ɗauka zan tarar da shiru, ko ana biyawa murya ɗaya. Sai na tarar da hayaniya kamar kasuwar awaki. Malama tana tsaye da tabarau, babbar mace, an ce ta daɗe tana koyarwa kafin ta ajiye aiki. Ta tambaye su wai tsakanin mai unguwa da kansila wa ya fi amfanin talaka. Ta faɗi nata ra'ayin. Sai wata yarinya siririya mai koren hijabi ta miƙe ta ce, "Malama, ni ban yarda ba."

Na jira in ga an kore ta. Malama kuwa cewa ta yi, "To Alhamdu lillahi, kawo dalilinki, kuma guda biyu nake so, ɗaya ba ya isa."

Na raɗa wa Goggo, "Nan za mu bar ta? Yaran nan ba su da kunya."

Ta ce, "Ke dai zauna, 'yar daji. Ke komai sai kin ce rashin kunya."

Sai Malama ta juyo kanki. Ta ce, "Baƙuwarmu ta Katagum, an ce a ruga kika tashi. In rigima ta tashi a can wa ke yanke hukunci, Arɗo shi kaɗai ko da dattawa? In kuma Arɗon ne ya yi son kai, wa zai hana shi?"

Na ji sanyi a raina, don na san ba wanda ya kai ki sanin wannan a duk rumfar. A gabanki Arɗonmu ya sha yanke hukunci. Kika buɗe baki, na gani. Sai kika waiwayo kika dube ni, kika sunkuyar da kai. Malama ta jira, ta jira. Wani ya yi tari. Ta wuce kan wani.

Da aka tashi ta kira ni gefe, ke kina waje. Ta ce, "Baiwar Allah, yarinyar nan a gida tana musu?"

Na gyara mayafi na ce, "Ko sau ɗaya, Malama. Tun tana ƙarama ba ta taɓa mayar wa babba magana ba. Ki tambayi kowa a Katagum." Da alfahari na faɗa, ina jiran ta sa albarka.

Ta cire tabarau ta goge. Ta ce, "To ai ciwon ke nan. Na duba abin da na sa ta rubuta mini da safe. Duk abin da ke littafi yana kanta, har waƙafi. Amma inda aka ce ta faɗi wanne ya fi, ta kawo dalili, fari fat ta bar wurin, kamar an ce ta zagi babba. Masu duba jarrabawa ba su san ta ba, ba za su ga durƙusonta ba. Takarda kawai ke gabansu."

Goggo ta ce, "Lauyar da ba ta magana. Sai dai alƙali ya shimfiɗa yashi ya buga ƙasa ya gano abin da take nufi."

Suka yi dariya, ni ma na yi don kada a gane. Amma tun daga Azare har Katagum ban ga hanya ba, abu ɗaya nake ta tunawa. Kina shekara bakwai, a ruga, Kawunki ya zo da baƙi ana hira. Ya ce jar saniyar nan a shekarar ambaliya aka sayar da ita. Kika ce, "A'a Kawu, bayan an yi wa ƙanwata askin suna ne, da rani." Ke ce mai gaskiya, kowa ya sani. Na taso na sa tafin hannuna na rufe miki baki a gaban mutane, na ja ki bayan bukka na murɗe miki kunne. Na ce in kika ƙara gyara wa babba magana sai na yanke harshen. Haka uwata ta yi mini, ita ma haka aka yi mata, filako muke ce masa, kuma da shi ake gane 'yar gidan mutunci. Kika ji magana. Kin ji ta fiye da yadda nake nufi. Shekara goma sha biyu ke nan ban ƙara jin a'a daga bakinki ba, ina ta yabon kaina. Littafin da na ɓoye, da haddar da na sa ki, duka biyun, da kin iya cewa a'a, da ba su kai haka ba.

Gaskiya har yanzu ban gama gane abin ba. Ban san yadda ake ce wa malami ban yarda ba kuma a ce ba raini ba ne. Kwana da kwanaki ina juya shi. Amma ga abin da idona ya gani. Yarinyar nan mai koren hijabi, da aka tashi, ita ce ta ɗauki jakar Malama, ta kai mata har ƙofar ɗaki, ta durƙusa har ƙasa ta yi sallama. Ashe abu biyun suna iya zama a jikin mutum ɗaya. Ni ban san haka ba, da na sani da na koya miki duka biyun.

Don haka ga abin da nake so. Ki zauna a gaba, kada ki laɓe a bencin baya bayan masu jiki. In ba ki gane ba ki ɗaga hannu, ko sau nawa ne. In Malama ta faɗi abu kika ga ba haka kika fahimta ba, ki miƙe ki faɗa, da ladabi, da dalilinki guda biyu. Za su yi dariyar Turancinki, wataƙila har da Hausarki, don har yau Fulatanci yana leƙowa a harshenmu. Su yi. Ni ma a kasuwar Katagum har gobe suna kwaikwayon yadda nake faɗin farashin nono, ban mutu ba. Kada ki zaɓi ƙawa don ta yi shiru irin naki, ki nemi mai koren hijabin nan ki zauna kusa da ita. Amma fa musun ki bar shi a rumfar Malama da kan takarda, kada ki kai shi kan tuwon Goggo ko gaban mijinta. Sallarki a kan lokaci. In an tashi lesin ki wuce gida kai tsaye, garin nan ya fi ƙarfin wanda bai san shi ba.

Tambayar Arɗo kuma tana nan, ba ki amsa ba. Ranar farko ki same ta ki ba ta amsa, kada ki jira ta sake tambaya. Ni ma na yi ta tunani a kai ina tankaɗe. A ganina a wurinmu ba a yi wa Arɗo gardama a fuska, amma in ya cika son kai sai ya wayi gari ya ga gida uku sun kwashe bukkokinsu sun kora shanu gaba, bayan mako wasu biyu su bi su, har ya rage daga shi sai iyalinsa. Tsoron wannan ne ke sa ya tara dattawa kafin ya yanke magana. Ban sani ba ko akwai irin wannan a littafinku da wani suna na Turanci. In naki tunanin ya bambanta da nawa, naki za ki faɗa.

Akwai abin da ba ki sani ba. Shekaranjiya da kika je ɗebo ruwa, Baffanki yana cin abincin safe zai tafi kasuwar shanu, na ce bari in gwada abin da nake shirin sa ki. Na durƙusa na ce, "Maganar cewa wannan ce ta ƙarshe, ni ban yarda ba." Ya tsaya da loma a hannu yana kallona kamar akuya ce ta yi magana. Na ce dalilina biyu ne. Faɗuwar farko ni na ɓoye littafi, ta biyu ni na sa hadda, don haka yarinyar nan ba ta zauna jarrabawa da kanta ba ko sau ɗaya, wannan ce ta farkonta. Can ya ce, "Zuwa Azare sau ɗaya, har kin zama lauya ke ma?" Ya ce in miƙo masa hularsa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kada ki dogara da wannan, ki yi karatu kamar ba wata bayanta. Na gaya miki ne don ki san na faɗa, rufin ɗaki bai faɗo ba, kuma da ya dawo da yamma har da rake ya shigo.

Saura abu ɗaya. In kin gama karantawa ki samu takarda ki ba ni amsa, ki ba direban da ke zuwa ranar kasuwa, zan karanta a hankali ko zai ɗauke ni mako. Ba gaisuwa kaɗai nake so ba, kuma kada ki rubuto mini ba komai Inna, ya wuce. Na san akwai inda na faɗi ba daidai ba a nan, akwai kuma laifin da na yi miki wanda ban ma san na yi ba. Ki nemo shi ki rubuta, Inna ba haka ba ne, ki kawo dalili. In kin iya rubuta mini wannan, ba na jin akwai tambayar da za ta sa ki bar takarda fari. Da ni za ki fara.

Allah ya tsare ki fita da shiga, ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane. Allah ya buɗa miki ƙirji, ya sake miki harshe, ya sa Malama ta ji daɗin koyar da ke. Ya dawo mana da ke lafiya da abin da kika je nema. Ki gaida Goggo da maigidanta. Ki yafe mini.

Ni ce,
Innarki.